Bazara a Pittsburgh: Ɗakin da Ake Tsara Wanda Za a Fara Kai wa Ɗauki

Hanyar da ta taso daga filin jirgin sama zuwa Pittsburgh ba ta nuna wa baƙo komai. Tuddai ne da itatuwa da shagunan gefen titi, har mota ta shige wani dogon rami da aka huda a cikin dutse, wanda ake kira Fort Pitt. Fitowarka daga ramin ke da wuya sai ka tsinci kanka a kan gada, birnin gaba ɗaya yana gabanka. Dogayen benaye sun cunkushe a wani ɗan fili mai kusurwa uku, kogin Allegheny da na Monongahela sun gangaro sun haɗu a bakinsa sun zama kogin Ohio. Ko'ina ka duba gada ce, da yawa an shafe su da fenti ruwan ɗorawa. Mutanen garin suna alfahari da cewa gadojinsu 446 ne.

Garin ƙarfe ne a da. Andrew Carnegie, ɗan wani masaƙi daga Sikotland da ya shigo Amurka yana yaro, a nan ya tara dukiyarsa, ya sayar da kamfaninsa na ƙarfe a 1901 kan dala miliyan 480. Shekara guda kafin nan ya ba da kuɗin kafa makarantar koyon sana'a domin 'ya'yan ma'aikata, ita ce ta haɗe da cibiyar bincike ta Mellon a 1967 ta zama Jami'ar Carnegie Mellon. Da masana'antun ƙarfe suka durƙushe a shekarun 1980, mutane suka watse neman abinci. Birnin da yake da mutum sama da 670,000 a 1950, ƙidayar 2020 ta same shi da kimanin 303,000. Gidajen da aka bari suna nan, na jan bulo da na katako, manne da gangaren tuddai, wasu sun haura shekara ɗari. Yawancin matsalolin da na zo ganin yadda ake tunkararsu, a cikin irin waɗannan gidaje suke kwana.

A bazarar 2022 na je, lokacin da a gida damina ta yi tsaka. Jami'ar tana unguwar Oakland, a kan titin Forbes, kusa da babban lambun Schenley. Ɗalibai sun tafi hutu, harabar ta yi tsit, sai masu yankan ciyawa da ɗaiɗaikun masu bincike. A ƙofar shiga akwai wani dogon ƙarfe da ya karkata ya nufi sama, da mutum-mutumin mutane suna tafiya a kansa ɗaya bayan ɗaya. Can tsakiyar fili kuma akwai wani shinge da ɗalibai ke shafa wa fenti da tsakar dare, har fentin ya yi kauri ya sauya masa kama. Ban daɗe a wurinsu ba, don abin da ya kawo ni yana cikin wani ɗakin aiki da ba shi da ado ko kaɗan.

Shirin sunansa Data Science for Social Good, a taƙaice DSSG. Ana ɗaukar ɗalibai daga jami'o'i daban-daban na duniya, a ba su alawus, a zaunar da su mako 12 suna aiki da ainihin bayanan wata hukuma ko ƙungiyar agaji, domin warware wata matsala da ta addabe ta. Rayid Ghani ne ya kafa shi a Jami'ar Shikago a 2013, da tallafin Eric Schmidt na Google da matarsa Wendy. Ghani haifaffen Pakistan ne, shi ne babban masanin kimiyya cikin masu nazarin bayanai a kamfen ɗin Obama na 2012, inda aikinsu shi ne hasashen wane mai zaɓe ya kamata a ƙwanƙwasa wa ƙofa. Da zaɓe ya wuce sai ya juya dabarar zuwa wata tambaya: wane yaro, wane ɗan haya, wane majinyaci ya kamata a fara zuwa wurinsa? Da ya koma Carnegie Mellon a 2019 shirin ya biyo shi. A tsakani an yi irinsa a Lisbon ta Fotugal da Jami'ar Warwick ta Birtaniya, Jami'ar Washington da ke Seattle kuma tana da nata.

Tebura ne a ɗakin, da kwamfutocin tafi-da-gidanka, da kofunan kofi da aka manta, da fararen alluna cike da rubutu har gefe. Kowane rukuni mutum uku ne ko huɗu, da ƙwararre mai duba musu aikin fasaha, da wani mai kula da hulɗarsu da hukumar da ta kawo matsalar. Abin da ya fara burge ni shi ne ba 'yan kwamfuta kaɗai aka tara ba. Akwai mai karatun lissafi, akwai na tattalin arziki, akwai na nazarin zamantakewa da na tsarin mulki. Da gangan ake cakuɗa su. Wanda ya ƙware a rubuta manhaja yakan ga layin lambobi, na kusa da shi kuma ya tuna masa cewa kowane layi mutum ne da zai iya rasa ɗakin kwanansa.

Ayyukan wannan shekarar sun bambanta. Wani rukuni yana aiki da birnin Baltimore, suna koya wa kwamfuta gane rufin gidan da ya lalace daga hotunan da aka ɗauka ta sama. Wani yana duba yadda za a rage jiran masu buga lambar 988, layin gaggawa na waɗanda damuwa ta kai su ga tunanin kashe kansu, wanda aka buɗe a faɗin Amurka a watan Yulin shekarar. Amma wanda na fi zama a kansa na cikin gida ne, na gundumar Allegheny da Pittsburgh ke cikinta, kuma batun kuɗin haya ne.

Ga yadda abin yake. Ɗan haya ya kasa biya, mai gida ya kai ƙara ƙaramar kotu, a aiko da sammaci. Gunduma tana da kuɗin tallafi da za ta iya biya wa wasu bashin hayar, amma kuɗin ba ya isar kowa. Tsarin da aka saba shi ne mutum ya buga waya ya nema, a duba ko ya cika sharuɗɗa, wanda ya riga ya samu. A ido wannan adalci ne. Sai dai wa ke riga bugawa? Wanda ya san akwai tallafin, yake da waya mai kuɗi a ciki, yake da natsuwar cike takardu. Matar da ke fama da taɓin hankali, ko mutumin da bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, ko wanda ya taɓa kwana a titi har ya yanke ƙauna daga hukuma, su ne ba sa bugawa, kuma su ne idan an kore su ba su da inda za su dosa. Da yawa daga waɗanda aka kora suna raɓawa wurin 'yan'uwa su farfaɗo. Kaɗan ne ke ƙarewa a gidan kwanan marasa galihu ko ƙarƙashin gada. Aikin ɗaliban shi ne gano waɗannan kaɗan ɗin tun sammaci yana hannunsu.

Halin da ma'aikacin gunduma ke ciki kamar na mai unguwa ne da aka ba buhu goma na hatsi ya raba wa gida ɗari. Ko ya ƙi ko ya so sai ya zaɓa, kuma ƙin zaɓar ma zaɓi ne, domin masu ƙarfin turereniya ne za su kwashe.

Abin da ya sa aikin ya yiwu a nan shi ne wani tsohon haƙuri. Tun 1999 sashen jin daɗin jama'a na gundumar ya fara tara bayanansa wuri guda: na kula da yara, na lafiyar ƙwaƙwalwa, na gidajen kwanan marasa muhalli, sannan aka riƙa haɗawa da na kotu da kurkuku da sauransu. Shekara ashirin da 'yan kai ana zuba su. Duk da haka makonnin farko na ɗaliban a shara suke tafiya. Sunan mutum guda an rubuta shi iri uku, ranar haihuwa ta ɓace, adireshi ya sauya ba a gyara ba, wani gurbi a fom ya canza ma'ana tun da aka canza shugaban ofis. Babu wanda zai ɗauki hoton wannan aiki ya sa a jarida, amma shi ne ya fi cin lokaci, kuma duk wanda ya yi masa riƙon sakainar kashi, hasashensa ƙarya zai zama.

Yadda suke gwada manhajar hasashen da suke ginawa ya kwanta mini ƙwarai. Sai su zaɓi wata rana da ta wuce, su ɓoye mata duk abin da ya faru bayan ranar, su ce ta jero waɗanda take ganin za su rasa muhalli cikin shekara mai zuwa. Sannan su buɗe abin da ya faru da gaske su gwada. Su matsa gaba wata guda su sake, su sake, har su ga ko tana riƙe ƙarfinta a shekarar lafiya da shekarar annoba. Ba sa tambayar ko ta iya hasashen kowa da kowa. A ce kuɗin da ke hannu na mutum ɗari ne, to cikin ɗarin da ta sa a sama, nawa ne da gaske suka faɗa halin da ake tsoro? Kuma dole a kara ta da hanya mai sauƙi wadda kowane magatakarda zai iya bi da biro, misali a fara da duk wanda ya taɓa rasa muhalli a baya. Idan manhajar ba ta fi wannan ba, babu dalilin wahalar da kowa da ita. Na so wannan ƙa'ida, domin tana kare hukuma daga sayen abin da ba ta buƙata.

Aikin da ya fara fitar da sunan shirin tun yana Shikago na gubar dalma ne, kuma Bahaushe ba ya jin wannan kalma gabansa bai faɗi ba. A Zamfara, a 2010, yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A Amurka dalmar daga tsohon fenti take fitowa, wanda aka hana amfani da shi a gidaje a 1978 amma yana nan a bangon tsofaffin gine-gine yana ɓarɓashi, yara masu rarrafe suna kaiwa baki. Tsarin da Shikago ke bi a da shi ne sai an gwada jinin yaro an ga gubar, sannan a tura mai duba gida. Kafin nan ɓarnar ta riga ta shiga ƙwaƙwalwa, kuma ba ta fita. Ɗaliban suka haɗa sakamakon gwajin jini na shekaru masu yawa da tarihin gine-gine da rahotannin masu duba gidaje, domin a san gidan da ke da haɗari tun yaron bai fara rarrafe ba. Dalilin dalmarmu daban ne da na tasu, amma ciwon guda ne: a can ma, a nan ma, jikin yaro ne ke fara sanar da hukuma.

A birnin Charlotte kuma da 'yan sanda suka yi aiki a 2015, don gano jami'in da ke dab da wuce gona da iri. Cikin abubuwan da bayanan suka nuna har da cewa jami'in da aka tura wurin da wani ya kashe kansa, ko rikicin cikin gida mai tayar da hankali, haɗarin ya yi kuskure bayan nan yana ƙaruwa. Wannan ya karkata maganar daga hukunci zuwa hutu da nasiha.

Duk da haka ban bar ɗakin hankalina kwance ba, kuma a ganina bai kamata kowa ya bar shi haka ba. Bayanan wa ke cikin rumbun gunduma? Na talaka ne. Mai hali idan ɗansa ya faɗa shaye-shaye, asibitin kuɗi yake kai shi, babu ma'aikacin gwamnati da zai rubuta. Talaka kuwa duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa neman taimako tana barin sawunsa a takarda. A gundumar Allegheny ce aka fara amfani da wani ma'auni a watan Agustan 2016, mai ba da maki daga 1 zuwa 20 idan an kawo ƙorafin cewa ana sakaci da yaro a wani gida. Ba ɗaliban shirin suka ƙera shi ba, amma daga rumbu ɗaya yake sha. Marubuciya Virginia Eubanks ta soke shi a littafinta na 2018, tana cewa yana iya ɗaukar talauci a matsayin laifin iyaye. A farkon 2023 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa ma'aikatar shari'a ta Amurka tana bincikar ko yana tauye iyaye masu naƙasa. Gundumar ta tsaya kan cewa shawara kawai ma'aunin ke bayarwa, mutum ne ke yanke hukunci, kuma ta wallafa yadda yake aiki ta gayyaci masu bincike daga waje.

Da yamma na hau mota zuwa unguwar Hill, wadda ke kan tudu tsakanin Oakland da tsakiyar gari. Nan ce cibiyar baƙaƙen fata na Pittsburgh, mahaifar marubucin wasan kwaikwayo August Wilson. A taswirar da wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya ta zana a 1937, an shafa wa unguwar jan launi, alamar wurin da bashi ke da haɗari. A shekarun 1950 aka rushe ƙasan unguwar, aka tashi mutum kusan 8,000, aka gina katafaren zauren wasanni, wanda shi ma aka rushe shi a 2012. Na tsaya a mahaɗar titin Centre da Crawford, inda mazauna suka ja layi suka ce rusau ba zai wuce nan ba, na hango filayen ajiye motoci a inda da gidaje da shaguna da coci-coci suke. Masu wancan aiki ma da alƙaluma suka zo, da taswira, da niyyar da suka kira gyara. Wanda ya girma a wannan unguwa yana da hujjar ɗaga gira idan an ce masa kwamfuta ta sa sunansa a wani jeri.

Masu shirin sun san da wannan. Rukunin Ghani ya fitar da wata manhaja mai suna Aequitas a 2018, wadda aikinta shi ne binciken son kai a cikin hasashe: shin kuskuren ya fi faɗawa kan baƙar fata ko farar fata, mata ko maza? Kuma suna bambance jerin da za a kai wa taimako da jerin da za a kai wa hukunci. A na taimako, babban laifi shi ne a tsallake mabuƙaci. A na hukunci, babban laifi shi ne a sa wanda bai ji ba bai gani ba. Na yarda da wannan rarrabewa, sai dai ina ganin ba ta isa ita kaɗai ba, domin jerin da aka yi don taimako yau yana iya faɗawa hannun wani ofishi gobe. Doka ce za ta tsare wannan, da idon jama'a. Najeriya ta samu dokar kare bayanan mutane a 2023, kuma duk jami'armu da ke sha'awar irin wannan shiri, daga nan ya kamata ta fara karatu kafin ta sayi kwamfuta ko ɗaya.

Idan ka bi titin Forbes ka yi gabas daga jami'ar, ka wuce unguwar Squirrel Hill, a wancan lokacin sai ka iske hanya a toshe. Gadar Fern Hollow ce, wadda ta rufta da asubar 28 ga Janairun 2022, da motar bas da wasu ƙananan motoci a kanta, sa'o'i kaɗan kafin Shugaba Biden ya iso garin don yin magana kan gyaran hanyoyi da gadoji. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Na leƙa ta bayan shinge na ga injuna suna aikin sabuwa a cikin kwarin. Binciken hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta ƙasa ya nuna cewa shekara da shekaru masu duba gadar suna rubuta cewa tsatsa ta ci ƙafafunta, suna ba da shawarar gyara, ba a yi ba. Babu bayanin da ya ɓace. An sani, an rubuta, an ajiye. Tafiyar 'yan mintuna ce a mota daga ɗakin da ɗalibai ke jera sunaye, kuma ita ce tambayar da ke jiran kowane jeri da suka fitar: wa zai ɗauka ya tashi ya je? Shi ya sa kafin shirin ya karɓi aiki daga wata hukuma sai ya tambaye ta abin da za ta yi da sakamakon, da ma'aikatan da za su yi shi. Mutanen Kano sun ga irin wannan a yaƙi da shan inna, lokacin da aka zana taswirar unguwanni da rugage aka bi sawun masu rigakafi da waya. Taswirar ta yi amfani ne saboda akwai matan da suka shiga gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa.

Mako 12 ba wani lokaci ba ne. A ƙarshen bazara kowane rukuni yakan tsaya gaban jama'a ya bayyana abin da ya yi cikin 'yan mintuna, ya miƙa manhaja da rahoto ga hukumar, sannan kowa ya kama hanyar makarantarsa. Wasu ayyukan a nan suke tsayawa, idan hukumar ba ta da ma'aikacin da zai riƙe su ko shugabanta ya sauya. Abin da ba ya ɓacewa shi ne ɗaliban kansu, da kayan aikin da aka zuba kyauta a dandalin GitHub, har da darussan horon da manhajar Triage da suke gina hasashe da ita. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Abdou Moumouni da ke Yamai yana iya sauke su yau idan yana da intanet.

Aikin kuɗin haya yana cikin waɗanda suka rayu. Bayan ɗaliban sun tafi an ci gaba da shi tare da ma'aikatan gundumar, aka bar manhajar tana fitar da jerinta a gefe ba tare da an yanke wa kowa hukunci da ita ba, domin a ga ko abin da ta yi a kan tsofaffin bayanai za ta maimaita shi a kan sababbi. A 2024 suka gabatar da sakamakon a babban taron masana ƙirƙirarriyar basira na AAAI. Sun ce ta fi hanyoyi masu sauƙi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari, ba tare da fifita wani launi ko jinsi ba, kuma za ta iya gano kashi 28 cikin ɗari na mutanen da tsohon tsari ke tsallakewa har su ƙare ba muhalli. Waɗannan su ne waɗanda ba su buga waya ba, don haka sauyin da ake nema daga gundumar shi ne ma'aikacinta ya riƙa nemansu da kansa, ya buga musu ko ya je ƙofarsu kafin ranar da kotu ta sa a fitar da kayansu.